BABI NA HUƊU: YADDA AKE YI WA ZAREN KABON SHAFE MARAR TURJIYA TA HANYAR TURURIN SINADARAI

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin shafe da Bahaushe ya gada kaka da kakanni, tun daga yaɓen makuba da magina kan yi wa bango, zuwa rinin zare a marina, da kuma ruwan zinariya da maƙeran fari kan zuba wa zobe da awarwaro. A duk waɗannan sana'o'i ana ɗauko abin shafen ne yana ruwa-ruwa, a ɗora shi a kan abin da ake son rufewa, ko da hannu ko ta hanyar tsomawa. Shi kuwa wannan babi zai dubi wata hanya ta daban, inda ba a tsoma komai cikin komai, sai dai a tura tururi ya bi ta kan abu mai zafi, shafen ya tsiro a jikinsa da kansa. An zaɓi misali guda domin a bi shi daki-daki, wato ƙoƙarin da masana suka fara a shekarun 1970 na rufe zaren kabon da wani sinadari wanda wutar lantarki ke ratsawa ba tare da ta gamu da turjiya ba.

Dalilin zaɓen wannan misali shi ne, ƙarfen da aikin ya dogara a kansa, wato nayobiyam, an daɗe ana haƙo ma'adininsa a Arewacin Nijeriya, kuma da gumin Hausawa aka haƙo shi. Ya kamata a ce akwai bayanin abin da ake yi da shi a cikin harshensu.

Tilas ne a tsayar da wasu kalmomi tun daga nan. An yi amfani da "magudani" a matsayin duk abin da wutar lantarki ke iya bi ta cikinsa, kamar wayar jan ƙarfe. "Turjiya" ita ce tirjewar da magudani ke yi wa wutar da ke ratsa shi. An zaɓi a ce "zaren kabon" maimakon "zaren gawayi" duk da cewa asalin sinadarinsu ɗaya ne, domin kuwa da zarar an ambaci gawayi, abin da zai zo wa Bahaushe a rai shi ne abu mai saurin marmashewa, alhali wannan zare ya fi baƙin ƙarfe wuyar tsinkewa idan aka gwada su nauyi da nauyi.

4.1 Turjiya da Rashinta

Duk wanda ya taɓa kama wayar hita ko ta dutsen guga bayan sun daɗe a kunne ya san wayar takan ɗauki zafi. Wannan zafi ba wani abu ba ne illa wani kaso na wutar da ya salwanta a hanya saboda turjiya. Gwargwadon tsawon waya da sirantakarta, gwargwadon yawan turjiyarta. Wannan na cikin dalilan da suka sa gidajen da ke can ƙarshen layi a garuruwa irin su Kucheri kan sami wuta marar ƙarfi, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, alhali na kusa da taransifoma yana haske sosai. A duniya baki ɗaya, kimanin kashi 8 cikin 100 na wutar da ake samarwa tana salwanta ne tsakanin tasha da gidajen jama'a.

A ranar 8 ga Afrilu, 1911, wani masani ɗan ƙasar Holand mai suna Heike Kamerlingh Onnes ya gano wani abin mamaki a Jami'ar Leiden. Shekara uku kafin haka ya yi nasarar mayar da iskar hiliyam ta zama ruwa, wanda ya ba shi damar sanyaya abubuwa fiye da yadda kowa ya taɓa yi. Da ya sanyaya zaiba, wato irin wadda masu haƙar zinariya a Anka da Maru ke kama zinariya da ita, har zuwa digiri 4.2 a ma'aunin Kelbin, sai ya ga turjiyarta ta ɓace gaba ɗaya. Ba raguwa ta yi ba, ɓacewa ta yi farat ɗaya. Ma'aunin Kelbin yana farawa ne daga ƙarshen sanyi, wanda ya yi daidai da digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa. Ke nan digiri 4.2 na Kelbin daidai yake da digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin da aka saba da shi. Domin a gane irin wannan sanyi, sai a tuna cewa hunturun da ke hana mutanen Tsafe fita da asuba bai ko kusa da daskarar da ruwa ba.

Daga baya an gano cewa dalma ma takan rasa turjiyarta a digiri 7.2 na Kelbin. A shekarar 1914 Onnes ya saka wuta cikin zoben dalma mai sanyi, ya cire batir, wutar ta ci gaba da zagayawa ita kaɗai. Sai a shekarar 1957 ne wasu Amurkawa uku, Bardeen da Cooper da Schrieffer, suka fito da bayanin dalilin haka, wato a cikin tsananin sanyi ƙwayoyin lantarki kan haɗu bibbiyu, su tafi gaba ɗaya a tsari guda, ta yadda ƙananan cikas da ke jikin ƙarfen ba sa iya tarwatsa su.

Sai dai wannan hali yana da iyakoki uku, kuma duk wanda aka ƙetare daga cikinsu turjiya za ta dawo nan take. Akwai iyakar zafi, akwai iyakar ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da wayar, akwai kuma iyakar yawan wutar da za ta iya ɗauka. Zaiba da dalma sun faɗi a iyaka ta biyu, domin maganaɗisu kaɗan ya isa ya kashe musu halin. Wannan kuwa babbar illa ce, saboda babban amfanin magudani marar turjiya shi ne a naɗe shi a yi maganaɗisu mai ƙarfin gaske. Alal misali, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI mai ƙarfin tesla 1.5 ta ninka maganaɗisun ƙasa kusan sau dubu talatin, kuma irin wannan waya ce naɗe a cikinta, tana jiƙe a ruwan hiliyam.

4.2 Nayobiyam da Ƙasar Hausa

A cikin dukkan ƙarafa tsantsa, nayobiyam ne ya fi jure zafi kafin turjiyarsa ta dawo, domin yana kai wa digiri 9.2 na Kelbin. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Charles Hatchett ne ya fara gano shi a shekarar 1801, ya raɗa masa suna kolombiyam, kuma daga wannan suna ne aka sami sunan ma'adininsa, wato kwalambait.

Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa suna narka kuza a Ririwai ta ƙasar Kano da kuma Ririwan Dalma ta ƙasar Bauci, suna fitar da ita sirara-sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Da kamfanonin Turawa suka kama haƙar kuza a tsaunukan Jos a farkon ƙarni na ashirin, sai suka riƙa cin karo da wani baƙin yashi mai nauyi da ke biyo kuza wajen wanki, yana rage mata daraja. Shekara da shekaru ana tsince shi ana zubarwa a juji. Wannan yashi shi ne kwalambait. Sai a shekarun 1930 ya fara samun kasuwa, sa'an nan a shekarun 1950, lokacin Yaƙin Koriya, gwamnatin Amurka ta shiga sayensa da tsada tana tarawa domin ƙera injinan jiragen yaƙi. A wannan zamani Nijeriya ce ke samar da mafi yawan kwalambait na duniya, har kamfanoni suka koma suna tone jujin da suka zubar a da. Leburorin da suka yi wannan aiki da yawansu 'yan cin rani ne daga lardunan Sakkwato da Katsina da Kano da Zariya, ban da waɗanda aka kwasa aikin tilas tsakanin 1942 da 1944, bayan da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila kuza ta yi ƙaranci. Daga shekarun 1960 kasuwar ta koma hannun Barazil, wadda a yau take samar da kusan kashi 90 cikin 100 na nayobiyam ɗin duniya, mafi yawa daga mahaƙar Araxá.

Mafi yawan nayobiyam ana zuba shi ne cikin baƙin ƙarfe domin ƙara masa ƙwari. Ɗan kaɗan ne ke tafiya wajen yin waya marar turjiya, kuma ba tsantsarsa ake amfani da shi ba, sai an gauraya shi. Gaurayensa da titaniyam shi ne ya fi yaɗuwa, domin yana da laushi, ana iya jan sa ya zama waya kamar yadda maƙerin fari ke jan azurfa ta cikin huda. Gaurayensa da ƙarfen kuza, wanda aka gano a 1954, yana kai wa digiri 18, amma yana da gautsi. Na uku shi ne haɗinsa da iskar naitirojin, wanda masana a Jamus suka gano a 1941, mai kai wa kimanin digiri 16. Idan aka maye gurbin kusan kashi uku cikin goma na naitirojin ɗin da kabon, sai ya matsa kusa da digiri 18. Wannan na ƙarshe shi ne abin shafen da wannan babi yake magana a kai. Yana jure maganaɗisu mai ƙarfi ƙwarai, kuma matsi ko ja ba su cika rage masa hali ba kamar yadda suke rage wa gaurayen kuza. Aibinsa guda ne, yana da tauri da gautsi kamar tangaran. Ba ya jawuwa, ba ya lanƙwasuwa. Tambayar da ta tsaya wa masana ita ce, yaya za a yi waya da abin da ba ya jawuwa?

4.3 Zaren Kabon

Amsar da aka kawo ita ce, a nemo zaren da ya riga ya zama siriri mai ƙarfi, a yi masa riga da wannan sinadari. Abu mai gautsi idan ya yi siriri sosai yakan lanƙwasu ba tare da ya karye ba, kamar yadda gilashi kan zama zare mai laushi idan aka ja shi.

Daga cikin zaren kabon na farko-farko akwai wanda aka yi daga auduga. A shekarar 1879 Thomas Edison ya gasa zaren auduga a inda iska ba ta shiga har ya zama baƙi, ya saka shi a ƙwan fitilarsa. Amma wannan zare ba shi da ƙarfi. Na zamani ya samo asali ne daga binciken Roger Bacon a Amurka a 1958, da na Akio Shindo a Osaka ta Japan a wajajen 1960, da kuma na William Watt da abokan aikinsa a Farnborough ta Ingila a 1963. Ana yin sa ne daga wani zaren roba dangin wanda ake saƙa rigunan sanyi da shi. Da farko a gasa shi cikin iska a zafin digiri 200 zuwa 300 yana miƙe, domin kada ya narke daga baya. Sa'an nan a shigar da shi tanda mai zafin digiri 1,000 zuwa 1,500 wadda aka cika da naitirojin, duk sauran sinadaran jikinsa su fice, a bar kabon kusan zalla.

Kaurin sili ɗaya kimanin maikuron 7 ne, wato idan aka raba milimita gida dubu aka ɗauki bakwai. Gashin kan mutum ya ninka shi wajen sau goma. Ba a sayar da shi sili-sili, sai dami-dami, kowane dami yana ɗauke da sili 1,000 ko 3,000 ko 6,000 ko 12,000 ko fiye. Nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na baƙin ƙarfe ba, kuma muddin babu iskar oksijin a wurin, zafin digiri 2,000 ba ya narka shi.

Sirantakar nan tana da wani amfani na daban. An gano tun a shekarun 1960 cewa magudani marar turjiya idan ya yi kauri ba ya zama lafiya, domin maganaɗisu kan kutsa cikinsa a zabure, ya haifar da zafi, halin ya ɓaci. Saboda haka ake raba shi sili-sili dubbai a cikin jan ƙarfe. Silin da ke cikin wayoyin babbar na'urar binciken nan ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, mai zagayen kilomita 27, kaurinsu maikuron 6 zuwa 7 ne, kusan daidai da zaren kabon. Ke nan abin da ake shan wahalar ja kafin a samu, shi zaren kabon da shi aka haife shi.

4.4 Yadda Ake Shafen

Kafin a shiga bayanin na'ura, yana da kyau a bambance abubuwa biyu da kan rikita mutane. Idan mace ta turara tufafi, hayaƙin turaren ne yake sauka a kan tufafin saboda sun fi shi sanyi, kuma abin da ya tashi daga kasko shi ne dai ya sauka, bai sauya ba. Haka raɓa take. Wannan ba shi ne ake nufi a nan ba. Misalin da ya fi kusa shi ne baƙin da kan taru a gilashin fitilar ƙwai ko a gindin tukunya, wanda almajirai ke kankarewa su haɗa da ƙaro su yi tawada. Kananzir ba baƙi ba ne, tururinsa ma ba baƙi ba ne. Zafi ne ya farfasa tururin, kabon ɗin da ke cikinsa ya fita ya manne, saura ya tafi. Wato abin da ya shiga daban, abin da ya zauna daban. Wannan shi ne shafe ta hanyar tururin sinadarai, sai dai a masana'anta ana so fashewar ta auku a jikin abin da ake shafawa kawai, ba a cikin iska ba.

Dabarar ta girmi sanin rashin turjiya. A 1880 Sawyer da Man suka yi rajistar hanyar ƙara wa zaren fitila kauri ta zafafa shi cikin tururin mai. A 1893 de Lodyguine ya rufe zaren kabon na fitila da ƙarfen tangistin ta haɗa tururin gishirinsa da haidirojin. Abin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 jikan wannan aiki ne. Masana a cibiyar bincike ta Sandia da ke Amurka sun bayyana sakamakonsu a 1975, sa'an nan aikin ya yi ƙarfi a Jamus, a Jami'ar Karlsruhe da cibiyar binciken nukiliya ta garin, tare da kamfanin Brown Boveri.

Aikin yana farawa ne da wanke zaren. Masu yin sa kan shafa masa wani ɗan danƙo domin kada silin su wargaje, kuma tilas a ƙone wannan danƙo a inda babu oksijin, kamar yadda marini ba zai tsoma yadi a baba ba sai ya wanke sitacin da ke jikinsa.

Abu na biyu shi ne mayar da nayobiyam tururi. Shi kansa ƙarfen ba ya narkewa sai zafi ya kusa digiri 2,500, don haka ba a tunkararsa kai tsaye. Ana haɗa shi da iskar kulorin, ya zama wani gishiri rawaya da ake rubutawa NbCl5, wanda ke narkewa a digiri 205 ya tafasa a wajen digiri 248. Wannan zafi ne da tandar gashin burodi ma tana kai wa. Sau da yawa a nan cikin na'urar ake yin gishirin, ta hanyar tura kulorin a kan ɓarɓashin nayobiyam mai zafi, domin gishirin ba ya shiri da laima ko kaɗan. Daga nan sai iskar agon ko haidirojin ta ɗauki tururin ta kai shi cikin wani dogon bututu. Duk hanyar da zai bi dole ta kasance da ɗumi, in ba haka ba zai daskare ya toshe ta.

A cikin bututun ne zaren ke wucewa sannu a hankali, ana warware shi daga kwarkwaro ɗaya ana naɗe shi a wani. Ana zafafa shi zuwa wajen digiri 1,000 ko fiye, ko dai da tanda da ke kewaye da bututun, ko kuma a saka wa zaren kansa wutar lantarki ya yi ja kamar zaren fitila. Abin lura a nan shi ne, turjiyar zaren ce ake mora wajen ɗora masa abin da zai kawar da turjiya. Idan tururin ya taɓa zaren mai zafi, sai haidirojin ya fizge kulorin daga jikin nayobiyam, shi kuma nayobiyam ya kama naitirojin ya zauna a jikin zaren. A rubuce abin yana zuwa kamar haka:

2NbCl5 + 5H2 + N2 → 2NbN + 10HCl

Idan ana son kabon ya shiga, sai a ƙara iskar mesen, wadda ita ce mafi yawa a cikin iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa. Wasu kan yi amfani da amoniya maimakon naitirojin saboda ta fi saurin fashewa. Akwai kuma waɗanda suka raba aikin gida biyu, wato su fara ɗora nayobiyam zalla, sa'an nan su sake gasa zaren cikin iska mai naitirojin da kabon har shafen ya juye. Ko ta wace hanya aka bi, kaurin shafen bai cika wuce maikuron ɗaya ba. Iskar da ke fita ta ƙarshen bututun, wato HCl, asid ce mai cin ƙarfe da huhu, saboda haka ake bi da ita ta cikin ruwan soda ya kashe mata kaifi, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin tsamiya.

Mataki na ƙarshe shi ne a sake rufe zaren da jan ƙarfe ko alminiyam. Mai karatu zai iya ganin wannan kamar koma baya ne, tunda jan ƙarfe yana da turjiya. Amma dalilinsa mai ƙarfi ne. Idan wani ɗan wuri a jikin shafen ya ɗumama ya rasa halinsa, wutar da ke tafe ba za ta tsaya ba, kuma zaren kabon ba zai iya karɓarta ba saboda turjiyarsa ta ninka ta jan ƙarfe kusan sau dubu. In babu wata hanya, wurin zai ƙone. Jan ƙarfen shi ne hanyar ratse, tamkar mafitar da aka yi wa madatsar Bakolori domin ruwa ya bi idan ya yi yawa. Abin da ya faru a CERN a watan Satumba na 2008 ya nuna girman wannan haɗari, inda mahaɗar waya guda da ba ta kamu da kyau ba ta narke, tan shida na hiliyam ya fice, aka ciro maganaɗisu 53 domin gyara ko sauyawa.

4.5 Matsalolin da Aka Ci Karo da Su

Matsala ta farko kowane marini ya san ta. Idan aka tsoma damin zare a ɗaure, na waje zai sha baba, na ciki ya fito fari. Haka tururin ke yi. Idan zafi ya yi yawa, yana taɓa silin waje sai ya fashe nan take, shafen ya yi kauri a waje har ya manne sili da sili, na tsakiya kuwa su fito tsirara. Dami da silinsa suka manne ya zama sanda, yana lanƙwasuwa zai karye. Maganin da aka samo shi ne a baza damin ya yi faɗi, a rage matsin iskar cikin bututun, a kuma sassauta zafi domin tururin ya sami sararin kutsawa ciki kafin ya fashe. To amma sassauta zafi yana rage saurin aiki, kuma yakan sa kulorin ya maƙale a cikin shafen.

Ta biyu ita ce tsarin ƙwayoyin shafen. Nayobiyam da naitirojin suna iya zama a tsari iri-iri, amma guda ɗaya ne, mai kama da tsarin gishirin miya, yake kai wa digiri 16 zuwa 18. Idan naitirojin ya yi kaɗan sai a sami wani tsarin da ba shi da amfani. Oksijin kuwa ko kaɗan ya shiga, ta wata kafa ko ta laima, zai ɓata aikin, domin nayobiyam ya fi son sa a kan naitirojin. Har ila yau, shi kansa zaren ba ya zama shiru. A irin wannan zafi kabon ɗin jikinsa kan tsallaka cikin shafen. Kaɗan daga ciki alheri ne, amma idan ya zarce sai shafen ya koma haɗin nayobiyam da kabon zalla, wanda bai wuce digiri 11 ba, shi kuma zaren ya zaizaye ya yi rauni. Wannan ya sa wasu masu bincike suka riƙa fara shimfiɗa wani shafen tsakani domin ya raba su.

Matsala ta uku, a ganin mai wannan nazari, ita ce mafi girma, domin ba daga na'ura take ba, daga halittar abubuwan biyu take. Duk wanda ya zagaya tsofaffin unguwannin Gusau ko Bunguɗu ya ga ginin ƙasa da aka yi wa yaɓen siminti, bayan 'yan shekaru simintin ya tsattsage ya ɓanɓare, saboda ƙasa da siminti ba sa motsi tare idan zafi da laima suka sauya. To, ana ɗora wannan shafe ne a zafin digiri 1,000, a yi aiki da shi a digiri 269 ƙasa da sifiri. A wannan tazara shafen yana son ya tsuke da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, wato mita ɗaya ya ragu da kusan santimita guda. Shi kuwa zaren kabon tsawonsa kusan ba ya sauyawa da zafi ko sanyi. Tunda suna manne, zaren zai riƙe shafen a miƙe, shi kuma da yake mai gautsi ne sai ya tsage. Mafi muni, tsagar takan zagaye zaren ne kamar zobe, wato ta datse hanyar wuta ke nan. Shafe siriri ya fi jure wannan ja, amma siriri ba ya ɗaukar wuta mai yawa. Kuma idan aka auna kaurin wayar gaba ɗaya, za a ga zaren kabon da jan ƙarfe sun cinye mafi yawan wurin, abin da ke ɗaukar wutar ɗan kaɗan ne.

4.6 Inda Aikin Ya Kwana

An sami gajerun zare masu kyau a ɗakunan gwaji, amma wannan waya ba ta shiga kasuwa ba. Maganaɗisu guda yana cin waya mai tsawon kilomitoci, kuma tsaga ɗaya ta isa ta ɓata ta. Gaurayen titaniyam ya fi araha, gaurayen kuza kuma an samo dabarar jan kayan haɗinsa tun suna da laushi, a naɗe, sa'an nan a gasa. Da aka yi lissafi sai aka ga kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Ana cikin haka sai Bednorz da Müller na kamfanin IBM a Zurich suka gano wani sabon dangi na magudanai marasa turjiya a 1986, kuma a 1987 aka sami wanda ke kai wa digiri 93 na Kelbin. Wannan ya wuce digiri 77 na ruwan naitirojin, wanda ya fi ruwan hiliyam araha nesa ba kusa ba. Hankalin masu bincike da kuɗinsu suka koma can. Sababbin sinadaran ba sa jituwa da zaren kabon, domin sai an gasa su cikin oksijin, shi kuwa zaren a irin wannan yanayi ci yake kamar gawayi a maƙera. Duk da haka hanyar tururin ba ta mutu ba. Da ita kamfanin SuperPower na Amurka ke ɗora irin wannan shafe a kan siririn faifan ƙarfe mai tsawon ɗaruruwan mitoci. Shi ma haɗin nayobiyam da naitirojin ya sami gurbi a wani fage, inda ake shimfiɗa shi siriri ƙwarai a yi na'urorin da ke iya gano ƙwayar haske guda ɗaya.

Game da batun salwantar wuta da aka faro da shi, an kunna wata waya marar turjiya mai tsawon kilomita ɗaya a ƙarƙashin birnin Essen na Jamus a 2014, ana sanyaya ta da ruwan naitirojin. Irin wannan ya dace ne da tsakiyar birni mai cunkoso. Bai dace da dogon layi irin wanda ya taso daga Zariya ta Funtuwa zuwa Gusau ba, domin injin sanyaya wayar shi kansa yana bukatar wutar da ba ta yankewa.

Zaren kabon dai ya shiga layukan wuta daga baya, amma ta wata ƙofa. Wayoyin da ke kan manyan turaku alminiyam ne da aka naɗe a kan zuciyar baƙin ƙarfe, kuma idan suka ɗauki zafi sukan miƙe su yi lanƙwasa zuwa ƙasa. Daga shekarun 2000 an fara ƙera wasu da zuciyar zaren kabon. Da yake ya fi ƙarfe sauƙin nauyi, ana iya ƙara yawan alminiyam a waya mai kauri ɗaya, turjiya ta ragu. Da yake kuma tsawonsa ba ya sauyawa da zafi, wato halin nan da ya riƙa tsaga shafen nayobiyam, wayar ba ta saukowa ko da an ɗora mata wuta mai yawa a tsakiyar bazara.